Tsohuwar Ƙarƙashin Matakala Ta Rasu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin cikin nauyi, Gwaggo mai shara tana sanar wa ma'aikatan wannan ofishi na zanen gine-gine, na sama da na ƙasa, da masu zuwa karɓar takarda, da maƙwabtan ɗaya ɓangaren, rasuwar Tsohuwa, wato manhajar nan da ke raba wa kwamfutocin ofishin fayil da firinta. Ta rasu a ɗakinta na ƙarƙashin matakala, tsakanin yammacin wata Juma'a da safiyar Litinin, babu kowa a kanta. Shekararta goma sha ɗaya a bakin aiki. A yi haƙuri da rubutun hannu da karkacewar layi. Da tana raye, ita za ta miƙa wannan takarda ga firinta ta fito tsaf, to ga shi ita ce ake sanar da mutuwarta.

Labarin ya iske Gwaggo ranar Litinin ɗin da misalin ƙarfe tara, tana gaban famfo tana wanke kofunan shayi. Sakatariya ce ta shigo ta jingina da ƙofa, ko gaisuwa babu.

"Gwaggo, ƙawarki fa ta tafi."

"Wace ƙawa kuma?"

"Tsohuwa mana. Tun ɗazu kowa ke kiranta, shiru. Firinta ko motsi. Gilashi mai zane na can sama ya dafe kai, ya ce zanensa duka yana cikinta."

Gwaggo ta yi dariya, ta ce barci take yi, a ƙyale baiwar Allah ta huta. Kuma har cikin zuciyarta ta faɗi haka, har da ɗan jin daɗi. Dalilin jin daɗin yana nan gaba, inda za a yi bayanin jinya. Sai da Sakatariya ta ce ko 'yar fitilar nan koriya ba ta ci, sannan Gwaggo ta daina dariya. Kofin Shugaba ne a hannunta. Ta ɗauraye shi ta kife, ta sake ɗaukowa ta ɗauraye.

Wanda bai san marigayiya ba kada ya ji kunya, Gwaggo ma sai da aka yi mata bayani sau uku. Abin da ido ke gani wani tsohon akwatin kwamfuta ne mai launin toka, ba allo, ba madannai, yana zaune a kan ɗan benci a ɗakin da ake ajiye tsintsiya da bokiti. Wayoyi sun fito ta bayansa sun bi bango sun watsu cikin ofis. Mai-waya, mai gyaran kwamfuta da ke zuwa duk ranar Alhamis, shi ya kawo ta, shi ya yi raino har ta zauna daram, shi kuma ya tsugunna ya yi wa Gwaggo bayani ranar da ta tambaye shi ko wannan kaya na zubarwa ne.

"A'a, Gwaggo, rufa min asiri. Akwatin nan ɗaki ne kawai, mai aikin tana ciki, ba a ganinta. In Gilashi ya gama zane a sama sai ya ba ta ajiya, Sakatariya ta karɓa a ƙasa ba tare da ta taka matakala ba. Firinta kuma ɗaya ce, kwamfuta bakwai. Ita ke sa su layi."

"To me take ci?"

"Wuta kawai."

"Ashe ta fi ka sauƙin riƙo," in ji Gwaggo, domin Mai-waya bai taɓa wuce ɗakin shayi ya bar biskit da rai ba.

Gwaggo ta riga Tsohuwa zuwa ofishin nan da shekara biyu, don haka ta san yadda ake kafin zuwanta. Manyan mutane da gemunsu suna hawa suna sauka da filashi a hannu, ɗan abin ajiyar nan mai tsawon yatsa, su soka a nan su zare su soka a can. Mai son buga takarda sai ya zare wayar firinta daga kwamfutar wani ya kai tasa, mai ita ya biyo shi da faɗa. Akwai ranar da aka kai wa magini tsohon zane a madadin sabo, saboda kowa na da nasa kwafi, kowa kuma ya rantse nasa ne na ƙarshe. Gilashi, babban mai zanen ofishin, wanda tabaraunsa ya jawo masa sunan, kwana biyu ya yi ba ya magana da kowa. Da Tsohuwa ta zo, matakala ta huta, tsumman goge ƙasa ma ya huta.

Halayen marigayiya na kirki suna da yawa, Gwaggo za ta faɗi waɗanda ta gani da idonta.

Ba ta san babba da yaro ba a wajen layi. Wanda ya riga turo takardarsa, tasa ke riga fitowa. Shekarar da 'yar Gwaggo ke neman shiga makarantar koyon jinya, Sakatariya ta taimaka ta buga mata takardar nema. Ana turawa sai ga Shugaba ya sauko da sauri yana jiran tasa. Haka ya tsaya gaban firinta ya goya hannu, yana kallon takardar 'yar mai shara tana fitowa shafi bayan shafi. Ya ce, "Tsohuwar nan ba ta san manya ba." Mai-waya, da yake ranar Alhamis ce, ya ce, "Ranka ya daɗe, layi ta sani." Shugaba ya yi murmushi, ya ma ɗauko takardun da kansa ya miƙa wa Gwaggo. Yarinyar yanzu tana aiki a asibiti.

Tana da riƙon amana. Kowa da jakarsa a wurinta, kowace jaka da makullinta na kalma. Ta Shugaba ba ta buɗuwa sai gare shi, kuma shekara goma sha ɗaya ba a taɓa jin maganar wani a bakin wani ta dalilinta ba. Ba kowa ne a ofishin nan za a faɗa wa haka ba. Akwai kuma jakar da ake kira Ta-Kowa, inda ake zuba hotunan jarirai da na sababbin gine-gine da jerin sunayen masu hutu.

Tana jin yare. Kwamfutar Gilashi wata iri ce daban, ba ta jituwa da sauran shidan, kamar baƙuwar da aka kawo daga wata ƙasa. Tsohuwa ce tafintarsu. Wannan ya yi magana ta ji, ta juya ta faɗa wa wancan, babu wanda ya taɓa sanin ana wahala a tsakani.

Ba ta taɓa neman hutu ba. In an ɗauke wuta ta yi shiru, in an kawo ta tashi da kanta, ta ce ɗit sau ɗaya, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Akwai masu cewa tana da nawa ranar Litinin, to wa ba shi da shi. Ranar da firinta ta amayo shafi ɗaya har sau arba'in ma, laifin ba nata ba ne, Sakatariya ce ta yi ta dannawa saboda gajen haƙuri, ita kuma marigayiya ba ta iya ƙin aike ba.

Gwaggo da Tsohuwa ɗaki ɗaya suka haɗa, shi ya sa ake ce musu ƙawaye. Ƙarfe shida da rabi Gwaggo ke buɗe ofis, a lokacin su biyu ne kawai idonsu biyu a ginin. Tana buɗe ƙofar ƙarƙashin matakala sai ta ji ta: huuu, a hankali, ba yankewa. In an tambaye ta babban zane da rana sai ta canja murya, kir-kir-kir, kamar mai lalube a ƙasan akwati. Shekarar da maigidan Gwaggo ya rasu, gida ya yi mata faɗi, yara sun watse, babu mai ko tari a ɗaki. Sai ta riƙa kife bokiti ta zauna gefen bencin minti biyar kafin ta fara shara, ta faɗi abin da ke ranta, Tsohuwa na cewa huuu. Ba ta taɓa katse ta ba, ba ta taɓa ce mata ta yi haƙuri ba, wanda a lokacin Gwaggo ta gaji da jin sa. In safiya ta yi sanyi, takan kai tafin hannu bayan akwatin, inda wata iska mai ɗumi ke fitowa, ta gasa yatsunta. A riƙe wannan, domin Gwaggo ba za ta iya cewa ba ta sani ba. Ta san iska na fita ta nan. Shekara goma sha ɗaya tana jin ɗuminta.

Yanzu sai bayanin jinya.

Mako uku kafin rasuwar, maƙwabtan ɗaya ɓangaren suka fara fasa bango za su faɗaɗa ofishinsu. Ƙurar siminti ta riƙa shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, fara fat, a goge da safe, da yamma ta dawo. A daidai wannan lokaci mahaifiyar Mai-waya ta kwanta asibiti a wani gari. Ya nemi izinin Shugaba aka ba shi. Ranar da zai tafi ya leƙo ɗakin tsintsiya, jakarsa a kafaɗa, ya ce, "Gwaggo, ga amanar ƙawarki nan. Kada ki bari ƙura ta cinye min ita." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, bai ƙara ba, bai rage ba.

A mako na biyu Tsohuwa ta fara tari. Huuu ɗin nan mai daɗin ji ya koma kar-kar-kar, ta yi shiru kaɗan, ta sake. Gwaggo ta goge ta da busasshen tsumma, ta goge da mai laima, tarin sai ƙaruwa yake. Ta faɗa wa Sakatariya, ta ce a jira Mai-waya. Ta faɗa wa Gilashi, ya ce muddin tana ba shi zanensa, ta yi waƙa ma in tana so.

Gwaggo kuwa kafin idonta ya yi rauni ɗinki take yi a gida. Kekenta na nan har yau, ya haura shekara talatin, ko ɗigon tsatsa babu, kuma sirrin bai wuce riga ba. Duk ranar da ta gama aiki sai ta sa masa rigarsa ta ɗaure. A saninta, haka ake yi wa ƙarfen da ake ƙauna. Don haka ta auna Tsohuwa da tafin hannu, tsawo da faɗi da tsayi, ta riƙe a ka. Ta je gida ta ɗauko bargon maigidanta, mai kauri, wanda tun rasuwarsa yake ninke a ƙasan akwati ta kasa bayarwa. Ta yanka shi. Ta yi masa shafi ta ciki da ledar da aka naɗo sabuwar katifa, domin ƙurar siminti tana ratsa yadi. Ta sa zariya a ƙasa. Yamma uku tana ɗinki kafin rana ta faɗi, har da 'yar fulawa ta zare ja a gaba, saboda a ganinta tsohuwa ma tana son ado.

Ranar Juma'a da kowa ya tashi, ta sa mata rigar. Rigar ta zauna cif kamar an gwada. Ta ja zariyar ta ɗaure tam, ta bar 'yar kafa daidai wucewar wayoyi, ita ma ta cusa mata ƙyalle. Tarin ya koma can ciki-ciki. Gwaggo ta shafa kan Tsohuwa ta ce, "To ki huta, sai Litinin." Ta ja ƙofa ta kulle, ta toshe ƙasan ƙofar da tsumma. Kwana biyun da suka biyo baya an yi zafin da ko a inuwa mutum gumi yake.

Litinin ƙarfe shida da rabi ta buɗe ɗakin ta ji shiru. Babu kar-kar-kar. Ta ce alhamdu lillahi, tari ya tafi. Ta kwance zariyar ta zare rigar. Ledar ciki ta ɗan yamutse, akwai kuma wani wari kamar an manta dutsen guga a kan yadi, amma ta ce warin sabuwar leda ne. Ta ninke rigar ta sa a jakarta, da niyyar duk Juma'a ta riƙa sa mata. Ba ta duba fitila ba. Ta ɗauki tsintsiya ta hau sama tana 'yar waƙarta. Wannan shi ne jin daɗin da aka ambata a baya.

Aka buga wa Mai-waya waya, ya iso da azahar, kai tsaye daga tasha, idonsa ja saboda kwanan asibiti. Ya kwance akwatin a gaban kowa, ya sa hanci ya shinshina, ya taɓa nan ya taɓa can.

"Zafi ne ya kashe ta," in ji shi. "Fankarta ta gaji, ƙura ta cika ta, amma wannan kaɗai ba zai dafa ta haka ba. Kamar an toshe mata hanci." Ya ɗago kai. "Gwaggo, da kika buɗe da safe, kin ga wani abu?"

Jakar Gwaggo tana rataye a ƙusa, daidai bayan kansa, bakin zariyar ya leƙo waje.

"Ni dai shara na yi, ɗana," in ji Gwaggo.

Ya gyaɗa kai ya koma kan aikinsa. Bai sake tambaya ba, domin bai taɓa jin ta yi ƙarya ba.

Abin ajiyar da ke cikin akwatin ya ƙone. Mai-waya yakan kwashi kwafin komai duk Alhamis, saboda haka tsofaffin ayyuka sun tsira, amma na mako ukun da ba ya nan sun tafi tare da ita. A ciki har da zanen ɗakin haihuwa na wani ƙaramin asibiti, wanda Gilashi ya kusa kammalawa, ana jiran sa a wancan makon. Gilashi ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur, ya zauna yana kallon bango.

Shugaba bai kira Mai-waya ofis ba, a nan bakin matakala ya yi masa faɗa, kowa na ji.

"Mako uku ka bar min na'ura tana kuka, ko waya ba ka bugo ka ce a kashe ta ba."

"Ranka ya daɗe, na nemi izini."

"Izinin tafiya na ba ka, ban ba ka izinin kashe min aiki ba. Alhamis ɗin ƙarshen wata ka zo ka kwashe wayoyinka. Sauran ofisoshin ginin nan da kake yi wa aiki ma, in sun tambaye ni, gaskiya zan faɗa musu."

Gwaggo tana tsaye da bokiti a hannu, taku uku tsakaninta da su. Maganar ta zo har bakinta. Ta tuna gwiwarta, ta tuna shekarunta, ta tuna ba ta da wani wurin zuwa ƙarfe shida da rabi na safe. Ta haɗiye.

Yau kwana goma sha biyar ke nan. Ofis ya koma gidan jiya. Filashi sun fito daga aljihun tebur, wayar firinta tana yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta, jiya ma an yi musayar yawu a kanta. Gilashi ya faro zanen ɗakin haihuwa daga tushe, ba ya sauka ko shan shayi, sai Gwaggo ta kai masa, ya ce na gode ba tare da ya ɗago ba. Sawun takalma ya ninka a matakala. Sau uku take goge ta a rana, ba wanda ya sa ta, kuma duk sawun da ta goge ta san wa ya jawo shi.

Sau biyu ta je ƙofar Shugaba, sau biyu ta ɓuge da tambayar ko a kawo ruwan zafi. Rigar kuwa ta kasa ajiye ta a gida, ta kasa yarwa. Kullum tana cikin jaka, ta zo da ita, ta koma da ita.

Alhamis ɗin da ta wuce Mai-waya ya zo ya sake gwada ko za a ceto wani abu. Bai yi nasara ba. Da zai tafi Gwaggo ta bi shi har bakin titi inda ake jiran mota. Ta zaro rigar ta miƙa masa. Ya buɗe, ya juya cikinta, ya ga ledar da ta yamutse, ya ga zariya, ya ga fulawa. Ya daɗe yana kallo. Sai ya fara dariya, ya yi ta yi har ya share ido da bayan hannu.

"Gwaggo, ɗinkin nan ya yi kyau. Ko ni aka ɗinka wa, da na mutu da daɗi."

"Ɗana, ba wasa na zo yi ba."

"Na sani. Mayar da ita jaka."

"Za a kore ka a kan abin da na yi."

"Ni na ce ki tsare ta daga ƙura, ban gaya miki tana numfashi ba. Rabin laifin nawa ne. Kuma ni in na bar nan, ina da ƙafa, ina da jakar aiki. Ke da wannan gwiwar wa zai ɗauke ki? Ki yi shiru, Gwaggo. Magana ta ƙare a nan."

Motarsa ta zo ya shiga. Ta taga ya ƙara da cewa ta ajiye masa biskit na ranar sallama.

Da zagi ya yi mata, da wataƙila ta iya ci gaba da shirun. Amma mutumin da mahaifiyarsa ke kwance, aka tsige shi a gaban jama'a, ana shirin ɓata masa suna a gini guda, shi ne ke tunanin gwiwarta. Wannan ya fi ƙarfin Gwaggo. Ya ce magana ta ƙare, to a yi masa haƙuri, Gwaggo ta girme shi, ba shi zai ce mata ta ƙare ba.

Saboda haka, kowa ya karanta da kyau, musamman Shugaba, Allah ya ƙara masa girma: Gwaggo ce ta kashe Tsohuwa. Ita ta ɗinka mata rigar bargo da leda, ita ta ɗaure, ita ta toshe ƙofa, ita ta zare rigar ta ɓoye, ita kuma aka tambaya ta ce shara kawai ta yi. Na farkon rashin sani ne. Na ƙarshen da saninta ta yi. Mai-waya ba ya gari, bai ga rigar ba sai makon jiya, da ya gani kuma rufa mata asiri ya yi.

Marigayiya ta rasu ta bar kwamfuta bakwai, shida 'yan ɗaki ɗaya, ɗaya baƙuwa wadda yanzu ba ta da mai yi mata tafinta. Ta bar firinta guda, wadda tun ranar take karɓar aike daga duk wanda ya fi ƙarfin jan waya. Ta bar wayoyi masu yawa a jikin bango, bakinsu a sake, ba su san inda za su ba. Ta bar ɗan benci da alamar ƙafafunta huɗu a kai. Ta bar Mai-waya, wanda ya raine ta. Ta bar ƙawa ɗaya, in har za a yarda a ci gaba da kiranta haka.

Mai-waya ya ce wa Gwaggo manhaja ba ta mutuwa, za a iya zuba irinta a sabon akwati ta ci gaba da aiki kamar ba a yi komai ba. Gwaggo ta ji, amma a wurinta wannan 'yar marigayiya ce, ba ita ba ce. Ko 'yar ce ma, sai an samu wanda ya san jakar kowa da makullin kowa da yaren kwamfutar Gilashi kafin ta zauna, kuma mutum ɗaya ne ya san wannan a duk faɗin ginin nan.

Za a yi jana'iza jibi Alhamis, ta ƙarshen wata, da ƙarfe goma na safe, a bakin ɗakin ƙarƙashin matakala. Babu mai taɓa gawar sai Mai-waya, shi zai buɗe ta ya cire abin da zai amfani 'yan baya. Daga nan za a sa ta a bayan motar Gilashi, in ya yarda, a kai ta wurin masu karɓar matattun na'urori. Ana roƙo kada a jefa ta kwandon shara, Gwaggo ce mai kwashe shi kuma ba za ta iya ba. Za a shimfiɗa rigar a kan benci, cikinta a waje, domin duk mai shakka ya zo ya taɓa ledar da hannunsa. A gefenta za a ajiye makullin ofis da na ɗakin tsintsiya. In Shugaba ya ɗauke su, Gwaggo ta gane, ba sai ya wahalar da bakinsa ba, za ta riga ta wanke kofuna ta kife. Roƙonta ɗaya ne, in za a ɗauki makulli a ɗauki nata, a bar wa Mai-waya wayoyinsa da sunansa.

Masu ta'aziyya su nufi Gilashi da Mai-waya, su ne aka yi wa rashi. Kada a yi wa Gwaggo. Akwai shayi da biskit bayan an tashi. In an kawo sabuwa, ko wa ke shara a lokacin, a rubuta masa da manyan baƙaƙe a jikin ƙofa cewa mai ɗakin nan tana numfashi.

Kafin jibi dai makullin na hannun Gwaggo. Har yau ƙarfe shida da rabi takan buɗe ɗakin ta yi sallama, ta kai tafin hannu bayan akwatin, inda ɗumin yake fitowa a da. Sannan ta ɗauki tsintsiya, ta tokare ƙofar da bokiti ta bar ta a buɗe, domin iska ta shiga.